Magani da Magana

A rubutun boko, harafi ɗaya tak ya raba kalmar magani da kalmar magana. Ɗan makaranta yakan yi tuntuɓe da su ranar shifta, ya rubuta wannan a gurbin waccan, malami ya ja masa jan layi. To amma akwai fagen da kuskuren yaron yake dab da gaskiya, shi ne fagen jinyar masu taɓin hankali mai tsanani. A wannan fage, ƙwayar da ta rasa rakiyar magana ba ta cika yin nisa ba: takan ƙare a ƙarƙashin tabarma, ko cikin aljihun tsohuwar riga, ko a bayan ɗaki. Bahaushe yakan ce ciwo ya ji magani, yakan kuma ce yaro ya ji magana. Abin da ya rage a tantance shi ne, tsakanin mai ciwo da mai ba da magani, wa ya kamata ya fara jin wani.

Abin da jama'a suke haɗawa su kira hauka, likitoci sun rarrabe shi iri-iri. Akwai wanda suke kira sikizofireniya, inda mutum yake jin muryoyin da shi kaɗai ke jin su, yake zargin ana bin sa ko ana shirya masa sammu, har ya janye daga mutane. Akwai kuma wanda yake kai mutum ƙololuwar zumuɗi, ba barci ba hutu, ga surutu ga ɓarnar dukiya, sa'an nan ya jefa shi cikin baƙin ciki mai kashe jiki. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nau'i na farko kaɗai yana samun kusan mutum 1 cikin 300. Duk wanda ya san Maraɗi ya san waɗanda ciwon ya fitar titi, masu kwana a gefen Babbar Kasuwa da bakin tasha. Akwai kuma waɗanda ido ba ya gani: suna can cikin gidaje, a ɗakin ƙurya, wasu da mari a ƙafa, iyali suna rufa asiri.

Magani kuwa akwai shi, kuma ya daɗe. A 1952 ne likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada maganin da aka fi sani da Largactil a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris. A 1958 aka harhaɗa Haldol a ɗakin binciken Paul Janssen, a ƙasar Beljiyam. Waɗannan biyu har yau suna cikin magungunan da aka fi rubutawa a Afirka ta Yamma saboda araharsu, kuma amfaninsu ba abin musu ba ne. Wani nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje 65, ya nuna cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da shan magani, alhali ya dawo wa kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka musanya wa shi da ƙwayar da ba kome a cikinta. Sai dai maganin danne ciwon yake yi, ba ya tumɓuke saiwarsa, kamar dai na hawan jini ko na ciwon suga. A nan gizo yake saƙa. A fahimtar da aka gada, magani abu ne da ake sha a warke a kife ƙoƙon. Maganin da za a sha shekara da shekaru, har a ranar da jiki yake garau, baƙon abu ne, baƙo kuwa sai da mai masauki.

Kada mai karatu ya ɗauka jahilcin mutanen karkara ne yake kawo watsi da magani. A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu ciwon da ke buƙatar dogon magani ne kawai suke shan sa yadda aka tsara. A 2005 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka, wanda ya haɗa masu sikizofireniya kusan 1,500: kashi 74 cikin 100 sun bar maganin da aka fara ɗora su a kansa kafin wata 18 ya cika. Ke nan matsalar ta ɗan Adam ce, ko'ina yake.

Mai nazarin harshe zai lura da wani abu cikin kalmomin da asibitin Nijar ya gada daga Faransanci. Takardar da likita yake rubutawa sunanta ordonnance, kuma da kalmar nan ake kiran umurnin alƙali da dokar da shugaban ƙasa yake sa wa hannu. Shan magani yadda aka tsara sunansa observance, kalmar da tun asali take nufin kiyaye ƙa'idar addini, irin ta masu zaman zuhudu. Duk biyun suna ɗauke da mai umurni a sama da mai biyayya a ƙasa. Hausa ta bi wata hanya dabam. In aka ce wance tana jinya, sai an ƙara tambaya kafin a san ko ita ce a kwance, ko ita ce zaune a bakin gadon. Kalma ɗaya ta ɗauki mutum biyu, domin aikin na tarayya ne.

Labarin wani magidanci na Jiratawa ya isa misali, kuma ba sai an ambaci sunansa ba. Manomi ne a filin noman rani, yana da ƴar gonar zogale da tattasai, in aiki ya lafa kuma yakan hau keken ɗinki. Ciwon ya same shi yana ɗan shekara 26, shekara biyu bayan aurensa. Ya fara da rashin barci, sai ya daina cin tuwon gidan yana cewa an barbaɗa masa wani abu, daga nan ya shiga amsa wa mutanen da babu su. Iyalinsa suka bi hanyar da kowa ke bi: rubutun sha, hayaƙi, ruƙiyya, sa'an nan wata gwaggo ta matsa aka kai shi Tibiri wurin masu bori. Akuya biyu da buhun hatsi suka tafi. Ranar da ya farfasa randunan gidan da taɓarya, aka kira maƙeri aka sa masa mari. Sai bayan wata takwas wani maƙwabci ya ba da shawara aka kai shi wani asibiti a cikin birni. Allura biyu da ƙwayoyin sati uku suka yi abin da ya ba kowa mamaki: ya yi barci, ya gane ƴarsa, ya nemi ruwan alwala.

Bayan wannan, sau uku ya bar maganin cikin shekara huɗu, kuma kowane karo da dalilinsa.

Karo na farko jikinsa ne ya ƙi. Wuya ya sanƙare, yawu yana dalala, hannu yana karkarwa har zare ba ya shiga kafar allura, in ya miƙe daga tsugune a gona sai jiri ya kwashe shi. Da ya koma asibiti, mai duba shi bai ɗaga kai daga rajista ba. Tambaya ɗaya aka yi, ita ma wansa aka yi wa: yana shan maganinsa? Wan ya ce yana sha. Aka sabunta takarda, aka kira na gaba. Mai ciwon ya fito bai buɗe baki ba, amma ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa maganin da ke hana tela riƙe allura ba na tela ba ne. Alhali kuwa sanƙarewa da karkarwa sanannun illoli ne na waɗannan magunguna, kuma suna da makari: a rage yawan ƙwayar, ko a mayar da ita dare, ko a haɗa da wata irin su Artane, ko a canza ta ɗungum.

Karo na biyu sauƙi ne ya ruɗe shi. Ya yi wata bakwai lafiya lau, abokan hira suna cewa kai da ka warke me ya haɗa ka da ƙwayar mahaukata. Ga kuma wani abu da ba ya faɗuwa a gaban wa: maganin ya rage masa ƙarfin ɗa namiji, har matarsa ta fara yawan zuwa ganin gida. Da mahaifiyarsa ta gane ya ajiye, sai tausayi ya sa ta riƙa daka ƙwayar tana zuba masa a fura. Wata rana ya ji ɗacin. Abin da muryoyi suka daɗe suna raɗa masa, cewa ana sa masa wani abu a abinci, ranar ya tabbata a idonsa, kuma daga hannun wadda ta haife shi. Ya yi wata guda ba ya cin kome sai abin da ya saya da kansa a bakin hanya.

Karo na uku aljihu ne ya gaza. Bayan juyin mulkin Yuli 2023, da aka rufe iyakoki, magani ya yi wuya kuma ya yi tsada. Ga kuɗin kabu-kabu na mutum biyu zuwa da dawowa, ga yinin aiki da ake asara. Ya fara raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, daga baya ya koma sayen duk mai kama da ita a faifan masu talla, har ciwon ya sake tashi.

Dalili uku mabambanta, amma a rajista kalma ɗaya aka rubuta musu duka: perdu de vue, wato ya ɓace. Shi kuwa bai ɓace ba, yana nan Jiratawa, tafiyar da ba ta kai rabin awa a babur. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai ba wanda ya tambayi mai ɗakin.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da yake sa iyalai su koma wurin malam da boka da ƴan bori, ko bayan sun ga aikin allura da idonsu. Jacqueline Monfouga-Nicolas, wadda ta yi bincike kan bori a ƙasar Maraɗi ta kuma wallafa littafi a kai a 1972, ta nuna cewa girka tana shigar da mai ciwo cikin wata ƙungiya mai shugabanci, ƙarƙashin Iya a Maraɗi da Inna a Tibirin Gobir, inda yake samun matsayi da abokan zama. Malamin zaure ma haka: ya san uban mutum da kakansa, yana gaisawa da shi a tsanake, yana ba ciwon suna da dalili, kuma gobe ma shi za a tarar a kan buzunsa. Wannan ba ya wanke abin da ake yi a wasu wuraren na ɗaurewa da bulala da tatsar talaka. Amma ya nuna abin da jama'a suke nema wanda suke rasawa a layin asibiti. Shimfiɗar fuska, in ji masu iya magana, ta fi ta tabarma.

Manyan likitocin ƙwaƙwalwa na wannan yanki sun gane haka tun da wuri. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya buɗe tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata suke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa sun sa kowane majinyaci ya zauna da ɗan rakiya daga gida, sun kuma kafa zaman taro irin na dandalin ƙauye, inda mai ciwo yake da bakin magana kamar likita. A 2020 Oye Gureje da abokansa suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Ibadan da Kumasi, a kan majinyata 307: inda ma'aikatan lafiya suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini, masu ciwon sun fi samun sauƙi bayan wata shida.

Mutumin Jiratawa bai taɓa jin waɗannan sunaye ba. Abin da ya sani shi ne, a karo na huɗu an kai shi wata ƙaramar cibiyar lafiya, ya faɗa hannun wani dattijon ma'aikacin jinya da kowa ke kira Majo. Majo ya ce wa wan ya jira a inuwa, ya juyo da kujerarsa, ya miƙa hannu.

"Malam, sannu da hanya. Yaya iyali? Yaya zogalen bana?"

Shekara huɗu ke nan rabon da wani mai farar riga ya kira shi malam. Da aka gama gaisuwa, Majo bai tambaye shi ko yana shan magani ba. Ya ce, "Gaya mini, me maganin nan yake hana ka yi?" Mutumin ya yi shiru har kamar ba zai tanka ba, Majo kuwa bai cike masa shirun ba. Can sai magana ta ɓalle: allura da zare, jiri a gona, furar nan mai ɗaci, kuɗin babur, daga ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa, zancen matarsa.

Majo ya buga waya ya shawarci likita. Aka rage yawan ƙwayar, aka mayar da ita sau ɗaya bayan sallar isha'i. Aka yi masa tayin allurar wata-wata, ya ce shi dai a bar shi da ƙwaya, aka bar shi. Aka sa ranar dawowarsa ta dace da Litinin, ranar kasuwar Maraɗi, wadda ko ba asibiti yakan shigo da zogale. Da azumi ya matso, tun bai tambaya ba aka gaya masa tsarin ba ya taɓa azuminsa. Sa'an nan Majo ya ce, "Ba zan sa ka rantse mini za ka sha kullum ba. Roƙona ɗaya ne: ranar da ka ajiye shi, ni zan fara sani. Ba faɗa, ba tonon asiri."

Mahaifiyar ma an kira ta. "Hajiya, don Allah ku daina sa masa a fura. In ya ƙi sha, ku aiko mini." Ta ce, "Ɗan nan, uwa ce ni, tsoro nake ji." Ya ce tsoronta yana kan hanya, amma in ɗanta ya daina yarda da ƙwaryar da ta fito daga hannunta, ba sauran mai iya ba shi kome. Game da rubutu da addu'a kuwa, ya ce su ci gaba, ba sa faɗa da ƙwaya. Mari da bulala ne kawai ba za a koma musu ba.

Ba a ce daga ranar bai sake ajiye magani ba. Ya ajiye, a tsakiyar kaka, da aiki ya yi yawa yana son tashi da asuba ba nauyin jiki. Bambancin shi ne, a rana ta biyar ya hau babur shi kaɗai, ya shiga ya zauna ya ce, "Majo, na ajiye, yau kwana biyar, kuma barcina ya fara gudu." Aka gyara a zama ɗaya. Ba a sayar da akuya ba, ba a kira maƙeri ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mutum ba ya tuɓewa sai gaban wanda ya amince ba zai yi masa dariya ba.

Abin da Majo ya yi da basirarsa, bincike ya riga ya auna shi. A 1990 Arlene Frank da John Gunderson suka wallafa nazarin da suka yi a Amurka kan masu sikizofireniya 143. Waɗanda suka ƙulla kyakkyawar dangantaka da mai duba su cikin wata shida na farko sun fi riƙe maganinsu, sun fi samun sauƙi bayan shekara biyu, kuma da maganin da bai kai na sauran yawa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Likita ba ya bin majinyaci gida. Duk abin da zai sani game da dare talatin da ke tsakanin zuwa da zuwa, daga bakin mai ciwon zai fito. In tsoron faɗa ya sa an gaya masa ƙarya, zai ɗauka maganin ne ya gaza, ya ƙara yawansa, illa ta ƙaru, mai ciwo ya ƙara gudu. Biyayyar da aka samu da tsawa tana ƙarewa a bakin ƙofa. Gaskiyar da aka samu da sabo ita ce take gyara takarda.

Adalci ne kuma a faɗi nauyin da ke kan ma'aikatan. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne. Sashen da aka fi sani, Pavillon E na babban asibitin ƙasa, yana Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, shi ya sa wasu iyalai suke tsallaka iyaka zuwa Katsina, ko Dawanau a Kano, ko Kware kusa da Sakkwato. Ma'aikacin da majinyata hamsin suke jira a baranda ba shi da rabin awa ga kowa. Tsarin jinya kyauta na 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da wasu buƙatun mata masu ciki, mai taɓin hankali kuwa daga aljihunsa yake biya, kuma daɗin baki ba ya sayen ƙwaya. Akwai ma ranar da ciwo yake kai mutum inda ba ya jin kira, dole a riƙe shi a yi masa allura don tsare ransa da na wasu. Amma ko wannan rana tana da washegari, kuma a washegarin ya cancanci a zauna a yi masa bayanin abin da aka yi da dalilinsa. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, don koya wa ma'aikatan ƙananan cibiyoyi kula da irin wannan ciwo, da darasin sauraro da mutunta mai ciwo yake farawa kafin a zo kan sunayen magunguna.

Ƙasar Maraɗi ma ba baƙuwar wannan aiki ba ce. A Danja, nan kusa da Jiratawa, akwai asibitin kuturta tun shekarun 1950. Kuturta ciwo ne da aka fi ƙyama, maganinsa kuma na wata 6 ne ko 12, tare da zuwa karɓa kowane wata. An ga mutanen da gari ya guje su suna yin doguwar tafiya suna cika alkawari, saboda a can an san su da suna, an san garinsu, kuma ana taɓa hannunsu. Abin da ya yiwu ga mai kuturta zai yiwu ga mai taɓin hankali.

Akwai abubuwan da suke jiran kasafin gwamnati, akwai kuma waɗanda ba sa cin ko dala. A yi ƙoƙari majinyaci ya riƙa tarar da fuska ɗaya duk zuwa. A gaishe shi da sunansa, a yi magana da shi kafin a juya ga ɗan rakiya, a ba shi ƴan mintoci shi kaɗai. A gaya masa illolin magani tun kafin ya gamu da su, don kada ya ɗauka sabon ciwo ne ko sammu. A tambayi lokacin aikinsa da ranar kasuwarsa kafin a sa masa ranar dawowa. In ya kwana biyu bai zo ba, a buga waya ko a aika, kafin a rubuta ya ɓace. Kuma da yake ma'aikacin gwamnati ba shi da gari, ranar da takardar canjin wuri ta zo wa irin su Majo, kada a miƙa wa magajinsa rajista da makulli kawai. A zaunar da su su uku a yi gabatarwa, yadda mai tafiya yakan kai amanarsa gidan maƙwabci ya ce ga shi nan, ka san shi ya san ka. Ɗalibai masu karatun likita a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, da masu koyon aikin jinya a makarantun garin, galibinsu da Hausa suka tashi, sun san gaisuwa da tambayar iyali tun suna goye. Abin da ake fata shi ne kada su tuɓe wannan ilimi su rataye a bakin ƙofa ranar da suka sa farar riga.